Sha'ir, Tsiro da Ƙwayoyin Gado: Me Ya Sa Wani Hatsin Ya Fi Wani Zaƙi?

Duk wanda ya taɓa shan Maltina ko Malta Guinness a wurin biki, ko ya haɗa Milo da safe kafin ya ruga lakca, to ya sha tsiro, ko ya sani ko bai sani ba. Tsiro dai shi ne hatsin da aka jiƙa, aka bar shi ya fara fitar da saiwa, sannan aka busar da shi tun bai yi nisa ba. Iyayenmu mata sun san shi a kunun zaƙi. Kamfanoni kuwa sun fi saninsa a jikin sha'ir, kuma a duk hatsin duniya babu wanda aka bi diddigin tsironsa kamar sha'ir.

Na san da jin haka wani zai ce ai wannan karatun 'yan giya ne. Gaskiya ne, kamfanonin giya na Turai da Amurka da Japan su suka ɗauki nauyin akasarin binciken, ba zan ɓoye wannan ba. Amma shi tsiro babu barasa a cikinsa ko ɗigo. Sitaci ne da sukari da furotin. Sai an zuba yis ya cinye sukarin sannan barasa ke samuwa, mu kuwa darasinmu zai tsaya tun kafin a kai ga yis. Kuma 'yan SLT da 'yan kimiyyar abinci da 'yan aikin gona, ko kuna so ko ba kwa so, wannan batu zai biyo ku har zauren jarrabawa. Don kada mu rikice, ƙwayar hatsi zan riƙa kiranta tsaba, in bar kalmar ƙwaya ga ƙwayar gado.

Tsaba rumbu ce mai mukulli

Ka ɗauki tsabar sha'ir ɗaya ka tsaga ta a tsaye. A gindinta akwai ɗan tayi, wato embiriyo, shi ne mai rai, shi zai zama shuka. Sauran cikin duk farin gari ne, endosfam, guzurin da uwar shuka ta tanadar masa. Sel-sel ɗin wannan gari matattu ne, ba sa iya komai, sitaci ne kawai cunkushe a ciki, furotin ya lulluɓe shi, bango ya kewaye. A gefen garin akwai wani siririn layi mai rai da ake kira alyuron, kaurinsa a sha'ir wajen sel uku. Daga waje kuma ɓuntu, wanda a sha'ir ɗin tsiro manne yake da tsabar, ba ya fita da sussuka.

Ɗan tayin ba ya iya cin sitaci haka nan, sai an farfasa masa shi ya koma sukari. Idan ruwa ya shiga tsaba, sai ya saki wani homon mai suna jibarelin, ya aika da shi zuwa alyuron. Saƙon shi ne: a buɗe rumbu. Alyuron sai ya fara ƙera enzayim iri-iri yana turawa cikin garin. A shekarar 1960 masu bincike biyu suka gano wannan, kowa a gefensa, Yomo a Japan, Paleg a Ostireliya. Gwajin da ke nuna haka mai sauƙi ne har ana iya yinsa a lab ɗinmu. A yanke tsaba biyu, a yar da ɓarin da ke da ɗan tayi, a ɗora ɗaya ɓarin a kan agar mai sitaci. Idan babu jibarelin, ka zuba ayodin, faranti duka zai yi baƙi-baƙin shuɗi. Idan an ɗiga jibarelin, za ka ga farin zobe kewaye da ɓarin tsabar, alamar an cinye sitacin wurin.

Yadda saƙon ke aiki a cikin sel yana da ban sha'awa, domin jibarelin ba kunna wuta yake yi kai tsaye ba, mai gadi yake korewa. Akwai wani furotin, SLN1, da ke danne aikin. Jibarelin na zuwa sai a rusa shi, wani furotin kuma mai suna GAMYB ya samu sarari ya je ya kunna ƙwayoyin gadon alfa-amiles. Akwai kishiyarsa, homon ABA, mai cewa a ci gaba da barci. Tsakanin waɗannan biyun ake ja-in-ja a kan ko tsaba za ta tsira ko ba za ta tsira ba.

Aikin mai yin tsiro, in ka duba da kyau, yaudarar tsaba ne. Ya jiƙa ta kamar kwana biyu, yana tsiyaye ruwan lokaci-lokaci don ta sha iska, har danshinta ya tashi daga wajen kashi 12 zuwa kusan kashi 45 cikin ɗari. Ya baza ta kwana huɗu zuwa shida a sanyin digiri 14 zuwa 18, yana juyawa. Tsabar ta ɗauka damina ta faɗi, ta buɗe rumbu, ta fito da ma'aikata. Kafin ɗan tayin ya cinye guzurin sai a sa ta a tanderu, a fara da iska mai ɗumi-ɗumi, a ƙare a wajen digiri 80 zuwa 85 idan farin tsiro ake so. Dalilin farawa a hankali shi ne enzayim ya fi jure zafi idan ya bushe. Ka ɗora masa wuta yana jiƙe, ka kashe shi.

Almakashi uku

Sitaci sarƙa ce ta gulukos. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu miƙaƙƙiyar sarƙa ce, amilos, sauran kuma mai rassa ce kamar bishiya, amilofektin. A jikin miƙaƙƙen reshe mahaɗin alfa-1,4 ne, a inda reshe ya ɓalle kuma alfa-1,6. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, malamai na son su.

Alfa-amiles shi ne mai gatari. Yana sara a tsakiyar sarƙa duk inda ya samu, ya mai da ita guntaye, nan da nan kauri ya tsinke. Yana buƙatar kalsiyam, kuma yana da juriyar zafi, ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 70. Busasshiyar tsaba kusan babu shi, sai lokacin tsira ake ƙera shi sabo. Ƙwayoyin gadonsa suna kan kuromosom 6H da 7H.

Beta-amiles kuwa tela ne mai haƙuri. Daga bakin sarƙa yake farawa, yana yanke gulukos biyu-biyu, wato maltos, har ya iso kusa da mararrabar reshe ya tsaya cak. Shi ke kawo zaƙin. Ba kamar ɗan'uwansa ba, shi tun tsaba na kan zangarniya aka ƙera shi aka ajiye, wani kaso a ɗaure jikin wasu furotin, sai lokacin tsira a kwance shi. Na uku, limit-dekstirines, shi kaɗai ke iya datse mahaɗin 1,6, ya buɗe wa beta-amiles hanya ya ci gaba. Ƙarfin waɗannan enzayim a haɗe shi ake kira ƙarfin dayastes, sunan da ya samo asali tun 1833, lokacin da Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka tsamo dayastes daga tsiron sha'ir. Wannan shi ne enzayim na farko da aka fara warewa a tarihi. Wato ilimin enzayim gaba ɗaya daga tsiro ya faro.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma a ganina nan ne zuciyar darasin. Enzayim ba ya iya cin ɗanyen sitaci da sauri, sai sitacin ya kumbura ya dahu, kamar yadda gasara ke yin kauri idan an sheƙa mata tafasasshen ruwa. Sitacin sha'ir yana yin haka a wajen digiri 60 zuwa 65. Shi kuma beta-amiles a daidai wannan zafin yake fara mutuwa. Ka ga ke nan abinci na nuna, mai ci na shure-shure. Tazarar da ke tsakani 'yar ƙarama ce, kuma duk irin sha'ir ɗin da beta-amiles ɗinsa zai ƙara jure digiri biyu ko uku, ko ya ƙara mintuna kaɗan a raye, zai ba da maltos fiye da saura.

A nan gado ke shigowa. Ƙwayar gadon da ke yin beta-amiles na cikin tsaba sunanta Bmy1, tana kan kuromosom 4H. Tana da nau'o'i: Sd1, Sd2L, Sd2H da Sd3. Bambancinsu bai wuce 'yan amino asid da suka sauya ba a cikin sarƙar da ta haura 500, amma Sd2L rago ne a gaban zafi, Sd1 tsaka-tsaki, Sd2H mai tauri. Shahararren irin da ke ɗauke da Sd2H na Japan ne, sunansa Haruna Nijo. Ba Harunan ajinku ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Shi kuwa Sd3 a jikin sha'ir ɗin daji aka samo shi, kakan wanda ɗan'adam ya fara nomawa a Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Wannan ya ishe mu hujjar cewa tsofaffin iri da na daji ba abin yarwa ba ne.

Bango da yauƙi

Kafin amiles ya kai ga sitaci sai an rushe bangon sel. A sha'ir, kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan bango beta-gulukan ne, sauran akasari arabinozailan. Beta-gulukan idan ya narke a ruwa yauƙi yake yi, ka tuna miyar kuɓewa. A kamfani wannan masifa ce: ruwan tsiro ya ƙi tatuwa, matata ta toshe, abin sha ya yi hazo a kwalba. Enzayim ɗin da ke tsinka shi, beta-gulukanes, lokacin tsira ake ƙera shi, kuma ya fi kowa tsoron zafi, don haka aikinsa dole ya yi shi tun a ɗakin tsira. Babbar ƙwayar gadon da ke gina beta-gulukan ita ce CslF6 a kan 7H. Abin dariya, wannan yauƙin da mai tsiro ke gudu shi likitan abinci ke nema, domin yana rage kolestarol a jini. Mai kiwata irin tsiro yana neman ya rage shi, mai kiwata irin ci yana neman ya ƙara. Inganci dai ya danganta da wanda zai saya.

Furotin shi ma haka yake, wuƙa mai baki biyu. Masu tsiro sun fi son tsabar da furotin ɗinta ke tsakanin kashi 9.5 zuwa 11.5 ko kusa da haka. Idan ya yi yawa, wurin sitaci ya ci, abin da za a tatsa ya ragu, kuma hodin, babban furotin ɗin ajiya na sha'ir, ya ƙanƙame sitacin ya hana ruwa ratsawa. Idan ya yi kaɗan, enzayim ya yi kaɗan, tunda shi ma beta-amiles furotin ne. Manomi na iya ɗaukar iri mafi kyau ya lalata shi da buhun yuriya ɗaya da ya ƙara a ƙarshen damina, haka ma zafi ko fari lokacin da tsaba ke cika. Abin da malamai ke nufi ke nan da cuɗanyar gado da muhalli. Gado yana shata iyaka, gona ke yanke hukunci a cikin iyakar.

Bari in ɗan ratse. Gwajin Kjeldahl da muke shan wahalarsa a firaktikal, mu dafa samfur da asid mu ninka naitirojin da 6.25, Johan Kjeldahl ya ƙirƙiro shi a 1883 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhagin, don auna furotin ɗin hatsin tsiro. A wannan ɗakin ne Sørensen ya fito da ma'aunin pH a 1909. Gwajin t na istatistik kuma, William Gosset ma'aikacin Guinness a Dablin ya wallafa tushensa a 1908 da laƙabin Student, mutumin da ya daɗe yana fama da gwajin irin sha'ir a 'yan ƙananan samfura. Abubuwa uku da ke hana mu barci a samista, duk sha'ir na da hannu a cikinsu.

Taswirar gado

Sha'ir yana da kuromosom 14, wato tagwaye bakwai, 1H zuwa 7H. Amma kundin gadonsa ya kai wajen haruffa biliyan 5, ya fi na ɗan'adam mai biliyan 3, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari maimaici ne. An fitar da daftarin farko a 2012, cikakke a matakin kuromosom kuma a 2017, daga wani irin Amurka mai suna Morex.

Wasu siffofin ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su, irin lissafin Mendel da muka yi a ND 1. Vrs1 a kan 2H ita ke sa zangarniya ta zama mai layi biyu. Idan ta lalace sai furannin gefe su yi tsaba, a samu mai layi shida. Mai layi biyu tsabarsa ta fi girma kuma ta fi daidaito, shi Turawa suka fi so. Mai layi shida yawanci ya fi furotin da enzayim, shi ya sa ya daɗe yana cin kasuwa a Amurka inda ake haɗa tsiro da masara ko shinkafa. Nud a kan 7H ita ke manne ɓuntu da tsaba, ɓuntun da ke kare tsiron lokacin juyawa kuma ya zama matata ta kansa lokacin tacewa. Akwai kuma LOX-1, enzayim mai taɓa maiƙo ya haifar da wani ɗanɗano kamar na tsohon kwali idan abin sha ya jima. Kamfanonin Carlsberg da Sapporo duk sun samar da irin da wannan enzayim ba ya aiki a cikinsa.

Amma manyan siffofin, kamar yawan abin da ake tatsa, wanda a tsiro mai kyau yakan kai kashi 80 cikin ɗari na busasshen nauyi, ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa kowace ta ba da ɗan nata. Su ake nema da taswirar QTL. Dabarar ita ce a haɗa iri biyu masu nisa da juna, kamar Steptoe na abincin dabbobi da Morex na tsiro, a samar da 'ya'ya fiye da ɗari waɗanda gadonsu ya zauna daram, a shuka su a wurare daban-daban, a auna kowa, sannan a duba wane yanki na kuromosom ne ke tafiya tare da kyakkyawan sakamako. Da an samu alamar DNA ta yankin, mai kiwata iri zai iya tantance shuka tun tana ganye biyu, ba sai ya jira girbi da gwajin tsiro mai tsada ba.

Wani darasi mai ɗaci ya fito daga wannan aiki. Mai tsiro yana son tsabar da za ta farka nan take, kusan duka a cikin kwana uku, kuma a tare. Shekara da shekaru ana zaɓen irin da ba ya dogon barci. To amma tsabar da ba ta barci, idan ruwan sama ya same ta a gona dab da girbi, sai ta tsira a kan zangarniya, shi ke nan ta tashi daga hatsin tsiro ta koma abincin dabbobi. A 2016 masu bincike a Japan suka gano ƙwayoyin gado biyu da ke riƙe da wannan barci, Qsd1 da MKK3, duka a kan 5H. Yankin MKK3 kuma a nan ne wasu siffofin ingancin tsiro suke, kamar yadda aka gani a irin Kanada mai suna Harrington. Ka jawo ɗaya, ɗayan ya biyo ka.

Ina dawa ta shigo?

Sha'ir ɗan sanyi ne. Rasha, Ostireliya, Faransa, Jamus da Kanada su ne manyan masu nomansa, a Afirka kuma Habasha da Maroko. A nan gida yana cikin amfanin gonar da aka ɗora wa Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, tare da alkama da gero, amma tsiron sha'ir da kamfanoninmu ke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, da dala. A 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi, kamfanoni suka koma kan dawa da masara dole. An ɗage haramcin daga baya, amma dawa ba ta fita ba, kuma iri irin su SK5912, gajeriyar kaura da aka samar a Samaru, sun yi suna a wannan harka.

Duk abin da muka faɗa a sama shi zai nuna maka inda dawa ke da rauni. Sitacinta ba ya dahuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko sama, beta-amiles ɗinta kuma kaɗan ne tun asali. Wato tazarar da a sha'ir take 'yar ƙarama, a dawa babu ita sam. Ba ta da ɓuntun tacewa. Tana tsira a zafin digiri 25 zuwa 30, wanda ya dace da yanayinmu, amma a wannan zafin ɗan tayin na cin guzuri da yawa, fumfuna ma na samun wuri. Sannan saiwa da tohon dawa suna ɗauke da durin, mai sakin sayanayid, shi ya sa dole a murje su a fece bayan busarwa. Wannan ba batun wasa ba ne ga mai yin tsiro a gida.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka bi shi ne a dama garin tsiron dawa da ruwa mai ɗumi, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai ɗauke da enzayim a ajiye, a dafa gindin har sitaci ya nuna, a bari ya huce, sannan a mai da ruwan. Yanzu ka tuna yadda ake kunun zaƙi. A raba ƙullu biyu, a sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bari ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen kason da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankalin Hausa, a rufe ya kwana. Da safe kauri ya tsinke, zaƙi ya fito. Dankalin nan kuwa cike yake da beta-amiles, daga jikinsa ma aka fara samun wannan enzayim a siffar ƙanƙara a 1946. Mai kunu ta raba dahuwa da aikin enzayim, kuma ta cike giɓin da dawa ke da shi da ainihin abin da ya dace.

Ga masu neman taken furojek, wannan fili ne da bai buƙaci na'urar miliyoyi ba. Ku samo irin dawa huɗu ko biyar daga kasuwar hatsi, farfara, kaura, jar dawa da duk wanda manoman garinku ke shukawa, ku rubuta daga inda kowanne ya fito. Ku ƙirga tsaba ɗari-ɗari a kan jiƙaƙƙiyar takardar tacewa ku ga nawa za su tsira a kwana uku. Ku auna nauyin da aka rasa bayan tsira da murjewa. Ku dama tsiron kowanne a digiri 60, 65 da 70, kuna ɗiga ayodin duk bayan minti biyar har shuɗin ya daina fitowa, sannan ku auna sukarin da rifiraktomita ko ruwan Fehling. Kowane gwaji a maimaita shi aƙalla sau uku, in ba haka ba ranar difens malami na farko da zai ɗaga hannu zai tambaye ku ina gwajin t ɗinku.